Bola a Ƙarƙashin Duniya

Auta ce ta fasa duniya, kuma ba ta taɓa musu ba.

Lokacin da suke haɗa wasan kwamfutarsu na farko a ɗakin da ke saman shagon tayoyi, babu wanda ya zaci wani zai saya. Shi ya sa da ta zo rubuta ƙarshen labari ta saki hannu. Jarumar wasan, matuƙiyar wani jirgin sararin samaniya, ta tayar da bom don ta hallaka ƙwarin ƙarfen da suka addabi mutane. Duniyar ta tarwatse, watanta ya bi ta, jirgin ya ƙone da matuƙiyar a ciki. Masu buga wasan suka sha kuka, suka gaya wa abokansu. Yanzu kowa kashi na biyu yake nema.

"To a ina za a yi shi?" in ji Yaya, wanta, mai kamfanin. Yana tsaye gaban farin allo da makar rubutu a hannu. "Yau zan ba masu rarraba wasan amsa. In aka tashi aiki ba ki kawo wurin da hankali zai ɗauka ba, ga nawa."

Ya rubuta da manyan baƙaƙe: MAFARKI NE.

Wato matuƙiyar ta farka a kan gadonta, ta yi miƙa, babu abin da ya faru. Auta ta ji kamar an mare ta. Mutuwar nan ita ce abu mafi kyau da ta taɓa rubutawa.

"Ƙarƙashin teku," ta ce.

"Tekun da kika ƙafar?"

"A kan wata."

"Kin fasa shi. Na roƙe ki ki bar shi, kika ce zai rage armashi."

"A koma baya, kafin bom ɗin."

"Mutum ya yi ta wahalar ceton garin da ya san toka zai zama?"

Daga kusurwa aka yi dariya. Ɗan kawunsu ne, mai haɗa manhajar wasan. Ɗan Bola suke kiransa, don bai iya zubar da komai ba. Ƙarƙashin teburinsa matattun caja ne, da tsoffin batura, da fanka mara fiffike.

"Mala'ikar mutuwa ta rasa masauki," ya ce.

"Rufe min baki, sarkin tarkace. Buɗe min tsohon wasan, ka kai ni ƙarshe. Ko ɗan tsakuwa ya tsira."

Ya buɗe. Bom ya tashi, allon ya yi fari, sannan ya koma baƙi, sai 'yan taurari. Auta ta zura ido, babu komai. Amma kwamfutar sai huci take kamar mai hawan tudu da kaya.

"Me take ɗauka haka, alhali duniyar ta ƙare?"

"Tsufa ne."

"Bara aka saye ta."

Ɗan Bola ya hau sosa ƙeya. Ta ture masa hannu, ta karɓi linzamin kwamfutar, ta nutsa da kyamarar wasan ƙasa, ƙasa da inda duniyar take a da, inda mai buga wasa ba ya isa. Can cikin duhu wani abu ya bayyana. Tsauni ne guda na kaya, yana shawagi.

Kujerun da suka fito a karkace. Rabin jirgi. Ƙofofi babu bango. Wani ƙwaron ƙarfe da aka juya wa ƙafafu baya, yana ta zagaye wuri ɗaya. Ga likitan da ta cire daga labarin saboda surutu, yana tsaye a kan firiji, bakinsa na motsi.

"Na ce ka goge waɗannan!"

"Gogewa da haɗari, 'yar gwaggo. Ka goge kujera, sai ka ga ƙofa ta daina buɗewa. Ni dai turo su nake nan, inda ba mai gani."

"Bom ɗin fa?"

"Iyakarsa bakin taswira."

Yaya ya matso, ya leƙa, ya dafe kai. "Haka muka sayar wa mutane wasa da juji a cikinsa?"

Auta ba ta ji shi ba. Tana kallon likitan.

"Yaya, mutanen duniyar nan a ina suke zubar da shara?"

"Ke kika rubuta su, ni za ki tambaya?"

"Sararin sama suke harba ta. Duk abin da ya lalace, da duk wanda ya dame su. Tarkace ya yi ta jan tarkace har ya zama ƙasa. Ranar da duniya ta fashe, waɗanda aka yar ne kaɗai suka rage. Da rabin jirgi za su fara."

Yaya ya juya makar a hannu. "Hankali zai ɗauka. Amma mutane matuƙiyar suke so."

"Ga ta can," in ji Ɗan Bola. Ya nuna zanenta na farko, wanda kansa ya fito kusan girman tayar mota.

"Matuƙiya ta mutu," Auta ta ce. "Wannan ƙanwarta ce."

"Da wannan kan?"

"Gadon dangi ne. Dubi na ɗan kawu."

Yaya ya goge allon da gefen hannunsa. Ya fara rubuta BOLA, makar ta bushe a kan harafi na biyu. Ya cilla ta wajen kwandon shara.

Ɗan Bola ya cafe ta a iska, ya tura ƙarƙashin tebur, ya dubi Auta yana jiran ta tsokane shi.

Ta jawo kujerarta kusa da tasa.

"Matso da likitan nan," ta ce. "In ji abin da yake ta faɗa tun bara."