Inabin Kaka Remedios

Tun da mahaifiyata Remedios ta sauka wurinmu a Uppsala, a ƙasar Suwidin, 'yata Vega ba ta ce mata ko kalma ɗaya da Sifaniyanci ba. Tana ji sarai. In kakar ta tambaye ta abu, sai ta juyo ta ba ni amsa da yaren Suwidin, wai in fassara. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane Sifaniyanci duk Asabar! Abin ya tsaya mini a rai. Ga Mama tana shirin komawa Zamora, garinmu na asali, kuma na ji ta a waya tana gaya wa ƙanwarta cewa jikarta ta zama baƙuwa.

Asabar ɗin ƙarshe kafin hutu na ja Mama zuwa ajin, don mu gwada wa yara cin inabin sabuwar shekara, al'adar ƙasarmu ta sha biyun dare, amma mu da rana tsaka. Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Na wanke inabi, na tsaga kowanne biyu don kada wani ya shaƙe, na manta ludayi a gida, na aro cokali. Murfin tukunya da zan riƙa bugawa shi ne agogonmu.

Na yi musu bayani har sau biyu, kamar yadda ake yi mana muna yara. Agogo zai fara da ƙananan kaɗawa huɗu, na gargaɗi ne kawai, ba a taɓa inabi. Sai an shiga manyan sha biyun ake cin ɗaya a kowane bugu. Duk shekara sai an sami mai gaggawa a gida da zai fara tun a na gargaɗin, ya zama abin dariya har Janairu ya ƙare. A gidanmu Mama ce 'yar sandan wannan doka, ta sha buge wa Baba hannu saboda ita.

Yara suka jeru da kofunansu. Ɗaya daga cikinsu, Bruno, ya riga ya saci biyu. Vega ta zauna can gefe kusa da kakarta, ta haɗe rai, tana kaɗa ƙafa. Na ɗaga cokali, na buga na gargaɗi na farko.

Sai kawai Mama ta jefa inabi a baki. Na buga na biyu, ta ƙara wani, tana tauna hankali kwance. Vega ta dubi kakar, ta dube ni, ta ga ba ni da niyyar cewa komai. Sai ta cafke hannun tsohuwar.

"Kaka, tsaya mana. Ba a fara ba tukuna, wannan na gargaɗi ne."

Da Sifaniyanci ta faɗa, tiryan-tiryan, har da irin jan murya na mutanen Zamora. Cokalin ya kusa kuɓuce mini.

Mama ta kalle ta sheƙeƙe. "Ke 'yar nan, yaushe aka haife ki da za ki koya mini cin inabi?"

"To ai kuskure kika yi. Tambayi Malama."

Bruno ya yi mini tuni cewa agogo ya tsaya. Na share ido da bayan hannu, na buga na gargaɗi na uku. Mama ba ta ko dube ni ba. Ta sake miƙa hannu cikin kofi a hankali, yadda jikarta za ta gani da kyau.