Eriyar Kalgo

Ƙarfe takwas saura kwata na safe, hadari ya haɗu a gabas amma ya ƙi sauka. Albarka yana zaune gaban rediyon aika saƙo na wani ofishin gona a Gwandu, yana goge kan batir da tsumma. Tasha shida ke raba layi ɗaya, kuma awa guda tak Birnin Kebbi ke sauraro kowace safiya. In mutum biyu suka danna madannin magana tare, mai ƙarfi ake ji. Mai ƙarfin kuwa kullum Lukuman ne na Kalgo.

Tare suka yi kwas, rana ɗaya aka ɗauke su aiki. Amma Kalgo ta fi kusa da Birni, kuma bara aka kafa wa Lukuman eriya ta ƙarfe, wai har ta fi giginya tsawo. Ta Albarka a jikin gora take, ɗaure da waya.

Sambo, wani makiyayi daga Dalijan, yana tsugune a bakin ƙofa, ya rungume sandarsa. Kwana uku ke nan yana zuwa. Shanunsa biyu sun mutu, shida suna tari, so yake a turo likitan dabbobi tun garken bai ƙare ba.

"Malam, yau dai za su ji mu?"

"In Sarkin Kalgo ya gama karatu, Baffa."

Takwas na cika muryar Lukuman ta cika ɗakin, tas, kamar yana zaune kan teburin. Sunayen manoman da za su zo taro yake karantowa, kowa da sunan ubansa. Laraba, mai karɓar saƙo a Birni, tana amsawa tana dariya. Albarka bai taɓa jin ta yi wa Gwandu dariya ba.

Ya jira har Lukuman ya tsaya juya takarda, sai ya danna da sauri.

"Gwandu na kira. Rugar Sambo a Dalijan, shanu biyu sun mutu, shida na tari. A turo likita."

Ya saki. Rediyon ya yi ta shuu.

"Wa ke mana ƙara haka?" in ji Laraba. "Kalgo, ci gaba."

Albarka ya ajiye abin maganar a hankali. Bai iya kallon ƙofa ba.

"Birni, aje nawa tukuna," in ji Lukuman. "Rubuta wanga, na Gwandu ne. Dalijan, rugar Sambo, biyu sun mutu, shida na tari. Likita yau, ba gobe ba."

"Na rubuta," in ji Laraba. "Motar likita za ta fita da hantsi. Kai dai Kalgo, ba don kai ba da mun kurumce."

Sambo ya miƙe. "Na ji sunana. Wa ya faɗa?"

"Wani ne can."

"To, Allah shi yi maka albarka, Malam. Ka yi ƙoƙari."

Albarka ya amsa da amin. Ya sake ɗaukar abin maganar, ya ɗora yatsa a kan madannin. Kalma biyu ce kawai: na gode. Lukuman ya riga ya koma kan sunayensa, Laraba ta koma dariyarta. Ya saurara har suna na goma sha ɗaya, sannan ya janye yatsan.

Tara na bugawa ya cire kan batir, ya fita ya ƙara ɗaure gorarsa kafin ruwa ya sauko.