Gashin Ɗan Tsako a Bakin Kwamfuta

Kwamfutata ta girmi wasu yaran gidanmu. Yayana ne ya bar mini ita lokacin da aka ba shi sabuwa a wurin aiki. Komai ka sa ta za ta yi maka lafiya lau, sai dai in ka kunna gem. Da wasa ya ɗauki zafi ita ma sai ta ɗauka, fankar cikinta ta kama kuka kamar injin niƙa, hoto ya riƙa ƙamewa, daga nan sai ɗif.

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu ta wasan yaƙi, kowa daga gidansu yake shiga ta intanet. Ni ke tsaron baya. Duk sanda tawa ta mutu, sai a bar mutum uku suna fama da huɗu, bayansu a buɗe. Da abin ya ishi Kyaftin, shugabanmu, sai ya tako har ƙofar gidanmu.

"Mazari, ba gaba ba ce," in ji shi. "Ranar Asabar za mu kara da 'yan bayan tasha. In tsohuwar nan taka ta sake suma a tsakiyar wasa, ƙanin abokinmu Dogo zai karɓi gurbinka."

"Wancan yaron da bai gama famfara ba?"

"Haƙoransa ne ke faɗuwa, ba kwamfutarsa ba."

Mazari suke ce mini don ba na zama wuri guda. Makaranta na bari, gareji na bari, shagon ɗinki ma ban yi nisa ba. Ƙungiyar nan ce kaɗai abin da ban taɓa jin ina so in bari ba, ga shi ita za ta bar ni.

A sito nake wasa, kusa da ɗakin kajin Gwaggo, ƙanwar babanmu. Ita ta sa sola saboda fitilun 'yan tsakinta, don haka soket ɗin nan ba ya rasa wuta. Kan wata tsohuwar katifa nake ɗora kwamfutar in kwanta rub da ciki. Da Kyaftin ya tafi, dabara ta zo mini. Na lallaɓa ɗakin kajin na ɗauko fankar tsaye, na saita ta daidai gefen da zafin yake fitowa, na murɗa ta zuwa ƙarshe. Na kunna gem. Wallahi ta riga kullum mutuwa.

Ina zaune ina hararar baƙin allo sai ga Gwaggo, hannunta duk dusa.

"Wane marar tsoron Allah ne ya ɗauke wa 'ya'yana fanka da tsakar rana?"

"Aro na yi, Gwaggo."

"Aro ba sallama? Ai sunansa daban ne, ɗan yayana." Ta kai hannu za ta zare waya, sai ta tsaya tana kallon yadda na jera abin. Ta taɓa kwamfutar ta janye yatsa. "Kai! Ai wannan ƙwai za ta soya. Wa ya ce ka juya mata fanka nan?"

"Nan ne zafin yake."

"Kunna ta in gani."

Ta kashe fankar tsaye. Ta shafa zanenta ta tsinto gashin ɗan tsako, irin mai laushin nan kamar auduga, ta riƙe shi da yatsa biyu. Da kwamfutar ta tashi, ta kai gashin gefenta. Ya ɗan karkata waje kaɗan, da ƙyar. Ta ce in ɗaga ta sama, ta kai gashin ƙarƙashi, inda wasu 'yan ramuka suke. Sai ga shi ya manne.

"Ka gani? Ta ƙasa take shaƙa, ta gefe take fitarwa. Ka toshe mata hanci da katifa, ka dawo kana hura mata iska a baki. Ko kai aka yi wa haka ai ka suma."

Ban taɓa ganin Gwaggo ta taɓa kwamfuta ba. Wayarta ma mai madannai ce. Na ce, "Gwaggo, a ina kika san wannan?"

"A ɗakin can. Shekarar da na fara kiwo taga ɗaya gare shi. Na zuba fanka, na zuba ruwa a ƙasa, 'yan tsakin nan suna buɗe baki suna faɗuwa ina kwasa a kwando. Sai da na sa aka fasa wata tagar can sama a ɗaya bangon suka daina mutuwa. Shi zafi baƙo ne marar kunya, ba a kokawa da shi, ƙofa ake buɗe masa." Ta sake kai gashin gefen. "Amma duba, injin yana ihu, iskar ba ta da ƙarfi. Akwai abin da ya tsaya mata a maƙogwaro. Ana buɗe ta?"

Ana buɗewa. Na nemo bidiyon irinta a waya, na ruga bakin titi wurin mai gyaran waya na aro ƙaramin sukundireba. Shi ya haɗa ni da wani farin mai a sirinji, ya ce in goge tsohon da ya bushe a kan ƙwaƙwalwar injin in ɗiga wannan, kaɗan kawai.

Na dawo na kama kwance sukurori ina zubarwa a katifa. Gwaggo ta buge mini hannu.

"Haka ka yi a gareji suka gode maka?"

Ta kawo kiret ɗin ƙwai na kwali. Kowane sukuru na cire sai ta sa shi a rami guda, tana bin jerin yadda suke a bayan kwamfutar, na kusurwa a kusurwa, na tsakiya a tsakiya. In na yi gaggawa sai ta ce, "Mai da bidiyon baya, ban ga inda ya sa yatsa ba." Ita ce ta lura mutumin cikin bidiyon ya zare wayar batir kafin ya taɓa komai. Ni na tsallake wurin.

Da murfin ya tashi na ga abin da idona. Tsakanin fanka da ƙarfen da iska ke bi ta fita akwai wani abu kamar guntun bargo, ya toshe hanyar gaba ɗaya. Na zaro shi da tsinke. Ƙura ce ta haɗu da gashin tsaki, rawaya-rawaya.

"Gwaggo, ashe 'ya'yanki ne suke kashe ni!"

"Su suka gayyato ka ɗakinsu? Wutarsu kake sha, ai dole ka sha gashinsu."

Ta danne fukafukan fankar da ɗan yatsa don kada su juya, ni kuma na bi su da tsohon burushin haƙori. Hannunta ko motsi ba ya yi. Hannun da ke buɗe bakin ɗan tsako ya ɗiga masa magani ne, bai san rawa ba. Da na zo kan man, na goge tsohon, na ɗaga sirinji zan matsa da ƙarfi. Ta ɗauko ƙwayar abincin kaji guda ta ajiye a gabana.

"Kai ka ce mai gyaran waya ya ce kaɗan. Ga kaɗan. Na san kaɗan ɗinka."

Muka rufe, sukuru ko ɗaya bai yi saura ba. Sannan ta kife kiret ɗin, ta yanke kan tuddansa da wuƙa, ta ɗora shi a kan benci, ta ɗora kwamfutar a sama. Iska ta samu hanya ta ko'ina a ƙarƙashi. Ta ɗaure gashin nan da zare ta manna shi a bakin gefen.

"In ka ga ya kwanta, ta toshe. Kada ka jira sai ta suma."

Ranar Asabar bayan la'asar muka shiga. Gwaggo ta zauna a bayana kan buhun dusa tana goge ƙwai, wai ba kallo take yi ba. Wasa ya yi zafi, aka kai wurin da kullum hoto ke ƙamewa. Na saci kallon gefen. Gashin nan a miƙe yake, yana kaɗawa kamar tuta. Fankar tana aiki amma ba ta ihu. Muka ci zagayen farko, suka rama. A na ƙarshe na ga ɗayansu ya juya baya, zumuɗi ya kwashe ni na bar wurin tsarona na bi shi. Ashe tarko ne. Suka gama da ni, suka zagayo ta bayan su Kyaftin.

Ko kashe gem ban yi ba wayata ta yi ƙara.

"Mazari," in ji Kyaftin, "yau tsohuwa ba ta mutu ba. Kai ne ka mutu."

"Na sani. Ƙanin Dogo fa?"

"Ya ci gaba da famfararsa. Ka kai har ƙarshe, abin da na ce ke nan. Amma in ka sake barin bayana a buɗe, ni da kaina zan zo in kwance ka."

Na ajiye waya ina dariya ni kaɗai. Gwaggo ta ɗago.

"Kun ci?"

"An ci mu. Amma ba su kore ni ba."

Ta miƙa hannu ta taɓa kwamfutar da bayan yatsu, yadda take taɓa ɗan tsakon da ya warke. Ta gyaɗa kai.

"Ita dai ta huce. Saura kai. Kai kuma ban san ta inda ake buɗe ka ba." Ta miƙo mini kiret biyu cike da ƙwai. "Kai wa mai shago. A hankali, ka ji? A hankalina, ba naka ba."