Matakalar Halina

A unguwar su Lucius Pettiford, can kudancin Chicago, ba a shiga harkar maƙwabci, iyaka a kwashe masa dusar ƙanƙara a wuce. Lucius direban bas ne, kuma shekara shida ke nan yana yi wa Halina Zaremba wannan aikin. Tsohuwa ce mai shekara tamanin da uku, ita kaɗai a gida, ga baki kamar reza. Ɗanta da ke can nesa a birnin Phoenix ya riga ya yanke magana: ranar da ta kasa riƙe gidan, ranar zai kai ta gidan tsofaffi. Ita kuwa ta rantse sai dai a fitar da gawarta.

Lucius ya ɗaure mata gindi. Kullum kafin ya tafi aiki sai ya share matakalar ƙofar gidanta fes, ya barbaɗa gishiri mai narkar da ƙanƙara, don kada wani mai tsegumi ya buga wa ɗan waya. Ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, don ta hana shi.

"Kai ɗan nan, tuƙin naka ma haka yake a karkace?" ta taɓa ce masa ta taga. Godiyarta ke nan, kuma ta ishe shi.

A Janairu dusa ta yi kwana uku tana zuba. Kwana ukun nan bai yi fashi ba, har yana yaba wa kansa. Ran na huɗu ya dawo da la'asar ya tarar da motar asibiti a ƙofar gidanta. Ashe tun Litinin, ranar da dusar ta fara, Halina ta faɗi a kicin, ƙugu ya karye, ba ci ba sha.

Delphine mai raba wasiƙu ce ta kira 'yan asibitin, da ta ga akwatin wasiƙun Halina ya cika. Cikin kuka ta gaya masa cewa ita dusa take dubawa a gidajen tsofaffi, in ba sawun ƙafa sai ta buga ƙofa.

"Na ga wuri a share, ɗan'uwa, na ce ai lafiya take."

Halina ta rayu, in dai wannan rayuwa ce. Ɗan ya zo, ya sa hannu a takardu, ya sa gidan a kasuwa. Lucius ya je gaishe ta a gidan tsofaffin, baƙin ciki ya hana shi haɗa ido da ita. Ya so ta zage shi ko ya ji sanyi, amma ba zagi ta yi ba.

"Kullum da safe ina jin shebur ɗinka," ta ce. "Na yi ta kiranka, ɗan nan."