Tamanin ɗin Baba

Shekara talatin Baba ya yi yana tuƙin motar haya. Tun ranar da taya ta fashe musu a hanya shi da matarsa, ya yi mata alkawarin ba zai ƙara wuce gudun kilomita tamanin ba. Yau shekara huɗu da rasuwarta, yana nan kan bakansa.

Da safen nan Auta, ƙaramar 'yarsa, yake kaiwa jarrabawar ɗaukar ma'aikatan jinya. Ƙarfe tara ake rufe ƙofa, wanda ya makara sai baɗi. Wayar da ke hannunta kuwa ta nuna sai tara da minti uku za su isa.

"Baba, don Allah ka ɗan taka."

"Ga allurar maleji nan kan tamanin, uwata."

Ta miƙo masa wayar. "Malejinka ƙarya yake yi. Saba'in da uku muke yi, duba."

Baba ya yi murmushi, bai ɗauke ido daga titi ba. Ya san haka tun ba a haife ta ba. Masu ƙera mota sukan sa allura ta ɗan zarce gaskiya don kada direba ya wuce ƙa'ida bai sani ba, in taya ta suɗe kuma abin ya ƙaru.

"Ba ƙarya ba ce, tsoron Allah gare shi," in ji shi.

"To ai kana da sauran bakwai!"

"Uwarki ba waya take kallo ba. Nan inda kike take zama, idonta kan allurar nan."

Auta ta shiga murza gefen takardarta. Ya saci kallonta. Wata shida yarinyar nan tana karatu. Sai ya kunna sigina, ya gangara gefen titi, ya buɗe ƙofa.

"Zagayo. Ni na yi alkawari, ba ke ba. Amma tamanin ɗin wayarki, ko ɗaya kar ki ƙara."

Ta karɓi sitiyari. Baba ya juya fuska waje, ya duƙufa kallon bishiyoyi kamar yau ya fara ganinsu.

Maigadi na jan ƙofa suka tsaya. Auta ta fita a guje, ta kutsa ta gefensa. Sai da Baba ya koma kujerarsa, ya kai hannu zai tayar da mota, ya ga ashe da makullin ta shige. Ya yi dariya, ya kwantar da kujera, ya gyara zama.