Kada Ka Ɗaga Wayar Nan

Mijin ƙanwata, Tela, ya sa wata waƙa a wayarsa, irin ta yaran yanzu, kiɗanta kamar an biyo mutum da sanda. Ita ke tashi duk lokacin da aka kira shi, kuma yawanci mai kiran matarsa ce, Autarmu. Ba ya ɗagawa. Sai ya bar wayar ta gama rawarta a aljihu, ya ce, "Yaya, in na ɗaga, aike ne."

'Yata nas ce. Wata rana ta kafe sai ta koya mini yadda ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya. Ta jefa matashin kujera ƙasa, na durƙusa. Na danna, ta ce na cika nawa. Na ƙara sauri, ta ce yanzu kuma kamar ina gudun 'yan sanda. Ni dama ko tafi ake yi a taro, nawa daban yake fita. Ana haka wayar Tela, da ya zo gaisuwa, ta soma.

"Baba, ka ji kiɗan nan? Shi za ka bi. Duk bugu ɗaya, danna ɗaya."

Na ce Allah ya kiyaye.

Bayan damina muna shagon aski, ni ina jiran layi, Tela yana kan kujera an aske masa rabin kai. Yana cikin musun ƙwallo ya sulale ƙasa da tawul a wuya. Na jijjiga shi, na kira sunansa, na kara kunne a hancinsa. Babu numfashi.

Na ce wa mai aski ya kira motar asibiti. Na ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjin, na soma. Amma saurin fa? Kaina ya ɗauke tas. Na ce a ba ni kiɗan da zan bi. Mai aski ya ce bari ya taimaka, ya jawo wata waƙar zamaninmu mai jan rai, wadda kafin a kai ƙarshen baiti mutum ya sha shayi.

Sai aljihun Tela ya ɗauki kiɗa.

Mai aski ya miƙa hannu. "Matarsa ce, bari in gaya mata."

"Ka taɓa wayar nan, ni da kai ne."

Na bi kiɗan. Ya katse, na ci gaba a makance, ya dawo. Na san Auta. Tun tana ƙarama in ta soma buga ƙofa, sai dai ƙofar ta gaji. Ta kira, ta sake kira, ni kuwa ina danna mijinta a kan fushinta, gumi yana ɗiga daga gemuna.

Can sai wayar ta yi shiru. Na jira, shiru. Hannuwana suka soma yin yadda suka ga dama. Mai aski yana bakin titi da tasa wayar, yana yi wa direban asibiti kwatance.

Labule ya ɗaga. Auta ce, mayafi a karkace, waya a hannu, bakinta cike da maganar da ta tanado tun daga gida.

"Wato ina kira kana..."

Ta gan shi. Ta yi kamar za ta faɗa kansa.

"Auta, tsaya nan. Kira shi."

"Yaya, ga shi a kwance."

"Na gani. Kira shi, kada ki bari."

Ta jingina da madubi tana kuka tana latsawa, waƙar banzan nan tana tashi, har ma'aikatan asibiti suka shigo da na'urarsu suka ture ni gefe. Suka manna masa wayoyin na'urar a ƙirji, suka ce kowa ya ja baya. Jikinsa ya zabura. Ɗayarsu ta taɓa wuyansa, ta ce, "Ya dawo."

Na zauna a ƙasa cikin gashin mutane. Da za su fita da shi, mai aski ya bi gadon da suka ɗora shi a kai da hular Tela, ya rufe masa kan, wai kada a asibiti a ce aikinsa ne haka.