Hodar Italiya ta Gimbiya

A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, babu amaryar gidan masu hali da ake kaiwa ɗaki a Talata Mafara ba ta bi ta hannun Gimbiya ba. Ita ke sa lalle, ita ke jan gira, ita ke zuba tozali. Hannunta na da kyau, wannan ko mai ƙinta ya sani. Bakinta ne matsalar. Tana riƙe da haɓar yarinya tana gyara mata fuska, tana gaya wa uwar yarinyar cewa goshin nan na dangin uba ne, ba abin da kwalliya za ta iya yi masa. A haka ake jurewa, don ba wata kamarta.

Asalinta 'yar wani ƙauye ce a bakin gulbi, cikin ƙasar Maradun, amma tun da ta auri Zubairu tela ta shigo gari ta daina ambaton wurin. Da ruwan madatsa ya fara cin gonakin can, aka kwashe mutane aka zube su a kan tudu, sai ta ƙara nisa da su. In ta ga matansu a kasuwa ranar Talata, ƙafa duk faso, tozali ya zubo musu har kumatu, takan ja tsaki ta ce wa maƙwabciyarta Nagode, waɗannan ko ruwa bai kore su ba, madubi ya isa ya kore su.

Garin kuwa ya cika da baƙi. Manyan motoci na ta zirga-zirga, lebura ya samu albashi, mata sun fara raina hodar kanti mai warin tsohon akwati. Kowa na son sabon abu, Gimbiya ta fi kowa.

Ƙanen mijinta, Ɗanasabe, shi ke wanki da guga a sansanin Turawan Italiya masu aikin madatsar. Saurayi ne mai saurin baki, kullum rigarsa a goge, ya iya gaisuwa da yarensu har yana ɗaga kafaɗa irin tasu. Wata ranar Juma'a da hantsi ya shigo gidan da ƙananan gwangwanaye uku masu rubutun da ba Hausa ba, ba Larabci ba. Ya ajiye su a kan tabarma kamar ƙwai. Ya ce hoda ce ta matan Turawan, ba irin ta kanti ba. Daga ƙasa ake samunta, ƙasar wasu tsaunuka na garinsu, babu mai a ciki, babu garin alli, shi ya sa zufa ba ta wanke ta. Matar maigidansa ce ta ba shi don ya iya gugar siket.

Gimbiya ta ce ƙarya yake, tun yana yaro maƙaryaci ne. Tana faɗi tana buɗe murfi.

Ta fito da madubi bakin ƙofa inda haske ya fi, don ta daɗe tana cewa macen da ke zaɓen hoda a cikin ɗaki ita ke fitowa kamar dodo. Ta lakaci ta farko ta goga a bayan hannu. Fara ce fat. Ta ce wannan ta masu jinya ce, a kai wa matar likita. Ta biyu ta yi duhu, ta ɓace a fatarta kamar ba a sa komai ba, ta ce wannan sai Nagode, wadda ko me ta shafa ba a gani. Ta ukun ja ce mai ratsin ƙasa-ƙasa, da wani ɗan ƙyalƙyali a ciki wanda sai an juya hannu yake nunawa. Ta ƙara lakatowa. Ta ja layi da ita daga kunci zuwa muƙamuƙi, ta juya hagu, ta juya dama, ta fita tsakar gida cikin rana ta sake dubawa. Ba ta ce ta yi kyau ba. Cewa ta yi Turawa dai sun san abin da suke yi, ta sa gwangwanin cikin kwallarta ta rufe.

Kafin mako ya zagayo ta gane kan abin. Sai an wanke fuska an bari ta sha iska, a shafa man kaɗe ɗan kaɗan, wanda bai kai a gani ba. Sannan a ɗauki guntun karammiski a dangwala, a kaɗe a bakin gwangwani, a fara daga tudun kunci ana murzawa a hankali zuwa kunne. In an cika, fuska ta yi kamar tukunya. In an yi daidai, mace sai ta yi kamar ta kwana biyu tana cin daɗi ba wanda ya ɓata mata rai.

A bikin Taibatu, ɗiyar wani attajirin albasa a Bakura, ta fara fito da ita. Ta shafa wa kanta, ta shafa wa amarya. Da aka fito da Taibatu tsakar gida rana ta bugi kuncinta, mata suka bar tuwo suka taso. Kowa na tambaya, kowa na miƙo hannu a ɗan goga masa. Gimbiya ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno kamar mai shari'a, tana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Wannan fatarta ta yi kauri. Waccan ta sha ranar gona, hodar ba za ta zauna ba. Wata dattijuwa ta ce ita kamar ta san launin nan a wani wuri, Gimbiya ta tambaye ta yaushe ta dawo daga Italiya. Aka yi dariya, dattijuwar ta koma wurin tuwonta.

Daga ranar Ɗanasabe ya zama mutum. Duk Juma'a sai ya kawo gwangwani biyu ko uku, Gimbiya ta raba wa waɗanda ta ga sun isa. Matar da aka hana takan yi kwana da kwanaki ba ta gaishe ta, sannan ta dawo da goro da lallashi.

Ana cikin haka aka aiko cewa mijin gwaggonta Marka ya rasu a sabon matsugunin da aka yi wa mutanensu kusa da Maradun. Marka ita ta goye ta bayan uwarta ta rasu, don haka ba hanyar ƙin zuwa. Ta san ba a kwalliya a gidan makoki. Ta tsaya gaban madubi ta yi ta shawara da kanta, a ƙarshe ta ce ɗan kaɗan ba kwalliya ba ne, gyara ne, kuma ya kamata mutanen can su ga bambanci. Ta shafa.

Motar kasuwa ta sauke ta a bakin hanya, ta taka sauran da ƙafa. Wurin tudu ne mai tsakuwa, babu inuwa sai ta 'yan bishiyoyin da ba su kai tsayin mutum ba. Daga nesa ana hango ruwan madatsa shimfiɗe a inda gonaki suke, kawunan giginya na leƙowa. Gimbiya ba ta tsaya kallo ba, takalminta take lura da shi.

Ta sami Marka a ɗaki cikin mata, ta tsufa fiye da yadda ta zata. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yi addu'a, aka tambayi Zubairu da mutanen Mafara. Sai tsohuwar ta matso ta ƙura mata ido, ta kama bakin zanenta ta jiƙa da yawu, ta riƙe haɓar Gimbiya kamar yadda take yi mata tana ƙarama.

"Ɗiyata, kin jingina da bango," in ji ta. "Yaɓen bai gama bushewa ba. Tsaya in goge miki, kada ki koma gari haka."

Ta goge kunci ɗaya tas. Gimbiya ta juya ta dubi bangon da ke bayanta. Ja ne mai ratsin ƙasa-ƙasa. Hasken ƙofa na faɗa masa, yana ɗan ƙyalƙyali in an karkata kai.

Marka ta ci gaba da magana, ba ta lura da komai ba. Ta ce ƙasar tsohon garinsu ce, ta bakin fadamar da suke ɗiba tun kakanni suna shafe ɗaki. Motocin Turawa sun yi rami a gefen da ruwa bai kai ba, jan ya fito fili, ita da marigayi suka yi ta ɗaukowa a kai don ɗakin ya yi kama da gida. Wata mata ta karɓe zancen ta ce ai har ƙanen mijin Gimbiya yana zuwa da keke yana cika buhu, wai matar maigidansa ke shuka furanni a ciki. Duk da makoki sai da aka murmusa. Suka ce Turawa sun cinye gona da ruwa, yanzu kuma sun dawo suna roƙon ƙasar a buhu, wane irin mutane ne waɗannan.

Gimbiya ta ce lallai kam. Ta yini a ɗakin da kunci ɗaya ja, ɗaya wankakke, ta ja mayafi ta rufe gefen da ya rage. Matan suka ce ashe tana da zuciya, dubi yadda mutuwar ta taɓa ta, ko magana ta kasa.

Washegari da ta dawo gida ta aika aka kira Ɗanasabe daga wurin aiki. Ta jira Zubairu ya fita shago, sannan ta jefa wa Ɗanasabe gwangwanin a ƙafa. Ta zage shi da abin da ta sani, ta haɗa da wanda ta ƙirƙira. Shi kuwa ya tsuguna ya tattara abin da ya zube da gefen hannu yana mayarwa.

"Yaya Gimbiya, ta yi miki ƙaiƙayi?" ya tambaya. "Wa ya dawo daga Bakura da ƙuraje? Na ce miki daga ƙasa ake samunta, ba mai, ba alli. Sunan garin kawai na canza."

Ya ƙara da cewa matan Turawan ma ba sa shafa komai a zafin nan, fuskarsu ja take da kanta, tana saɓulewa kamar ɓawon albasa. Gwangwanayen kuwa na alewar maigidansa ne, daga kwandon shara yake tsintowa. In tana so, gobe ya bi gida gida ya gaya wa matan gari gaskiya, ya fara da gidan su Taibatu.

Nan ta tsaya. Ta tuna dattijuwar da ta tambaya yaushe ta dawo daga Italiya. Ta tuna matan da ta ce fatarsu ta sha ranar gona, ga shi gonar ce ta yi wata da watanni tana yawo da ita a fuska. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Nagode, wadda za ta ji labarin ta katanga ta yi dariya har ta zauna.

Ta ce ya rufe mata baki. Sannan ta ɗauki gwangwanin ta murza hodar tsakanin yatsu, ta ce dama ta lura tankaɗensa na banza ne, akwai tsakuwa-tsakuwa a ciki, aikin namiji. Daga yau buhun zai riƙa kawo mata yadda yake, da gwangwanaye wankakku, sauran aikin nata ne.

Haka aka yi. Takan kulle ƙofa ta shanya ƙasar, ta daka, ta tankaɗe da rariya, ta sake tacewa da tsohon ɗankwali mai laushi, ta turara da ɗan turaren wuta. Hodar ta fi ta da kyau nesa ba kusa ba. Ta ce wa mata wannan sabon samfuri ne, na manyan matan can, wancan na farko ashe na masu aikinsu ne. Waɗanda suka sayi na farkon suka ji kunya suka sake saye. Raininta bai ragu ba, sai ma ya ƙaru, don yanzu ta san abin da ke fuskar kowace mai taƙama a garin, kuma ita kaɗai ta sani.

Da rani ya yi tsakiya a shekarar da manoma suka tare hanyoyin aikin madatsa a kan gonakinsu, Ɗanasabe ya kasa kaiwa ramin. An gitta itatuwa a hanya, an san shi yaron Turawa ne, ya ce ko da kuɗi ba zai bi ta nan ba. Ga bukukuwa sun matso. Gimbiya ta ce wa mata jirgin ruwa ne ya makara. A gida kuwa ta yi ta faɗa, tana cewa wane irin jahilci ne mutane su hana jama'a sana'a a kan ƙasa.

Da abin ya ƙi ƙarewa, ta tura Ɗanasabe ta hanyar daji zuwa wurin Marka, ta ce ya san abin da zai faɗa. Ya je ya ce Gimbiya ce ke kewar gida, tana son ɗan abin da za ta riƙa gani. Tsohuwar ta yi kuka. Ta ɗauki wuƙa da kanta ta kankare bangon ɗakinta daga ciki, gefen da marigayi yake kwana, ta cika ƙwarya ta ɗaure da tsumma. Ta ce a gaya wa ɗiyarta Allah ya yi mata albarka, dama ta san ba ta manta ba.

Gimbiya ta kwance tsumman ta duba. Ta ce tsohuwar nan ko yaɓe ba ta iya ba, duk ta cika shi da ciyawa da kashin jaki. Ta aika a ce wa uwar amaryar da za a kai ɗaki ranar Alhamis kaya sun iso, ta jawo turmi.